Kurakuran da aka fi yi wajen harhaɗa ƙaramar motar roba a Damagaram

Kwalin ƙaramar motar tsere ta Tamiya ko Revell ba ya samuwa da sauƙi a Damagaram, galibi sai an ba mai tafiya sautu. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga an ɓata ta a yini guda. Takardar bayanin da ke cikin kwalin an rubuta ta ne don masu zama a Japan da Turai, ba ta san zafinmu da ƙurarmu ba, kuma yawancin ɓarnar daga nan take fitowa.

Fenti ne ya fi cin mutane. Gangar motar roba ce mai narkewa in ta haɗu da fetur ko tina, don haka fentin gwangwani na masu gyaran mota yakan cinye fuskarta ta yamutse. In shi kaɗai ka samu, fara gwada shi a kan sandunan robar da kayan suka zo maƙale a jiki, kuma ka shimfiɗa farin fentin share fage (wanda ake fara shafawa kafin na kala) siriri tukuna. Kafin wannan ma, wanke gangar da ruwa da ɗan sabulu, domin maiƙon hannu kan hana fenti kamawa.

Sai lokacin feshi. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura maki 40, fenti na bushewa a iska tun bai sauka ba, sai jikin motar ya fito da kaushi kamar an barbaɗa rairayi. Yi feshinka bayan sallar asuba, gwangwani na nesa da motar da santimita 20 zuwa 30, shafi uku marasa kauri da ɗan hutu a tsakani. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: yayyafa ruwa a ƙasa, kana gamawa ka kife kwali a kai. Kada ka shanya ta a rana, kada ka ajiye ta dab da rufin kwano, roba na lanƙwashewa. In kaushin ya riga ya fito, ba a jefarwa. Bari ya bushe mako guda, ka goge a hankali da samfefa mai lamba 1500 ko 2000 a jiƙe, ka sake shafi ɗaya.

Masu murɗe kaya daga sanda da hannu, su daina. Abin yanke akaifa da reza sun isa.

Gam ma akwai magana. Na wannan aiki narka robar yake ya haɗe ta, ɗigo a bakin tsinken sakace ya wadatar. Gam mai kamawa nan take kuwa tururinsa na sa gilashi ya yi fari fat, shi ya sa ake liƙa gilashi da fitilu da farin gam na kafintoci. Kayan da aka yi wa ruwan azurfa, irin su ƙafafu da bututun hayaƙi, sai an kankare wurin da za a liƙa.

Sitika a ruwan ɗumi ake tsoma ta, daƙiƙa 10 ko sama kaɗan, a zame ta kan fenti mai santsi, a matse ruwan da auduga.

Inda na fi so a yi hattara shi ne kwaskwarima. Ma'aunin 1/24 da ake rubutawa a jikin kwali na nufin motar da ta kai mita 4 da rabi ta koma kusan santimita 19. Wanda ya sauke gangar da milimita 2 don ta kwanta, a babbar mota kusan santimita 5 ke nan. Samari kan rage milimita 5, taya ta shige ciki, motar ta rasa kamanninta. Tara tayoyi da ganga ba gam, ka duba ta gefe daidai idonka, sannan ka yanke milimita ɗaya-ɗaya har tsayin ya yi maka.