Kafin ka sayi tsohuwar motar soja a gwanjo, ga yadda ake bi da doka a Amurka da Turai

Masu sha'awar tara tsofaffin motocin soja suna da yawa a Amurka da Ingila, wani jif ɗin yaƙin duniya na biyu ne a garejinsa, wani Humvee, wato motar sojan Amurka mai kama da ƙatuwar jif, wani kuma tankar yaƙi ce sukutum a bayan gida. Mallakar kanta ba laifi ba ce a ƙasashen nan biyu. Inda mutane ke shiga uku shi ne su biya kuɗi, a sauke musu ƙarfe a ƙofar gida, sannan su fara tambayar ko doka ta yarda su hau titi da shi. To malam, takarda ake fara bi, mota daga baya.

In a Amurka kake, fara da ofishin rajistar motoci na jiharka tun kafin ka leƙa gwanjo. Gwamnatin tarayya ce ke sayarwa amma jiha ce ke ba da lamba, kuma bakinsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Ɗauki Humvee misali, kamfanin AM General ya fara ƙera wa soja ita a tsakiyar shekarun 1980, kuma shekara da shekaru in ta tsufa sai dai a yanka ta a sayar da ƙarfen, sai a watan Disamba na 2014 aka fara gwanjonta ga farar hula ta hannun kamfanin gwanjo na intanet GovPlanet, shi ma da sharaɗin cewa ba ta hawa titi ba ce. Dalili kuwa ba a ƙera ta bisa ƙa'idojin kariya na motocin farar hula ba, lambar jikinta ma ba irin mai harafi 17 ɗin nan da kwamfutar ofishin rajista ta saba da ita ba ce. Wata jihar za ta ba ka lamba kamar kowace mota, wata ta ba ka lambar motar tarihi wadda sai fareti da baje koli da zuwa wajen gyara, wata kuma ta ce sam. Ka tura musu tambaya a rubuce da sunan samfurin da shekarar ƙira, ka ajiye amsar. Maganar baki ta ma'aikacin ofishin ba ta da amfani ranar da aka ƙi ka.

Sai takardun gwanjon. Wadda ta fi muhimmanci ita ce SF-97, shaidar da gwamnati ke bayarwa don ka je ka nemi takardar mallaka a jiha, ka duba ko akwai ta a cikin cinikin kuma ka karanta abin da aka buga a kanta, don in an rubuta ba ta titi ba ce to wannan rubutun zai bi motar duk inda ta je. Motoci irin su Humvee kuma sai ka cika fom ɗin DLA 1822 na hukumar da ke kula da kayan sojan Amurka, inda za ka faɗi ko kai waye da abin da za ka yi da ita, a bincike ka tukuna kafin a bari ka ɗauka, kuma jiran kan ɗauki makonni har watanni, kuɗinka na can motarka na can. Kar ka kuskura ka sayar wa wani a ƙasar waje ba da izini ba, dokar fitar da kayan soja ba wasa take ba.

Akwai wata da nake so ka yi hattara da ita, jif ɗin M151. Saboda yawan kifewa da take yi a kwana, gwamnati ta ƙi sayar da ita a cike, aka riƙa yanka ta gida biyu ko huɗu, daga baya ma murƙushe ta ake yi. Da yawa cikin waɗanda ke kasuwa haɗa su aka yi da walda. Ka kwanta a ƙarƙashinta da tocila, ka bi ƙasan jikin da yatsa, in ka ji tudun walda ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan an lulluɓe shi da fenti mai kauri, to ka san tarihinta. Sayen irin wannan ta hoto kawai sayen kifi a ruwa ne.

Batun bindiga kuma shi ne ke kai mutum kurkuku, ba tara kawai ba. A Amurka igwar tanka mai aiki tana ƙarƙashin dokar makamai ta 1934 da aka faɗaɗa a 1968, sai an yi mata rajista a hukumar ATF mai kula da bindigogi an biya harajin dala 200, kuma wasu jihohin ba su yarda ba ko da ka yi hakan. Shi ya sa yawancin masu tarawa ke sayen wadda aka kashe bindigarta, an yanka gindin an huda bututun. In daga waje za ka shigo da ita, motar da ta kai shekara 25 an ɗauke mata ƙa'idojin kariya na tarayya, amma wannan bai ɗauke maka neman izinin ATF ba, fom na 6 ake cikawa kuma kafin a loda ta a jirgi ake yi, ba bayan ta iso hannun kwastan ba.

Ingila ta fi sauƙin kai a ganina. Ka tabbata bindigar na da shaidar kashewa daga gidan gwajin makamai na Landan ko na Birmingham, ka yi rajista a DVLA, hukumar rajistar motoci da lasin tuƙi, in mai tafiya a kan sarƙa ce irin tanka ka nemi lasin tuƙi na rukunin H, sarƙar ta kasance da roba don kar ta tone kwalta, gudu kuma kar ya wuce mil 20 a awa. Ka auna faɗinta ma, ƙaramar tanka irin Scorpion ta fi sauƙin shiga titi a kan manyan.

Jamus kam wata duniya ce. Dokar kula da makaman yaƙi ta 1961 tana kallon tankar kanta a matsayin makami, don haka har sulken sai an yanke wasu sassansa. Wani dattijo a garin Heikendorf an samu tankar Panther a ɗakin ƙasa na gidansa a 2015, sojoji ne suka zo suka jawo ta waje, a 2021 kotu ta yanke masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 14 da biyan yuro 250,000.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ke cin aljihu. Yawancin motocin nan wutarsu bolt 24 ce ba 12 ba, batir biyu ke nan, kuma ba kowane makaniki zai taɓa ba. Babbar mota da nauyinta da kaya ya kai fam 26,001 tana iya jawo maka neman lasin manyan motoci a Amurka, ya danganta da jiha. Kamfanin inshora ka kira shi tun kafin ka yi tayi, wasu da sun ji kalmar soja sai su kashe waya, ƙungiyoyin masu tarawa irin su MVPA ta masu adana tsofaffin motocin soja su suka san waɗanda ke karɓa. Ka tambayi dokar unguwarku kan ajiye babbar mota a waje, ka kuma sa kuɗin tirelar da za ta ɗauko ta cikin lissafi, don daga filin gwanjo ba tuƙo ta za ka yi ba. In kuma akwai bindigar ado a samanta, ka cire ko ka rufe ta da tamfol a hanya, ranar fareti ka sanar da 'yan sandan yankin tun da wuri.