Kurakuran da ma'aikatan lafiya suka fi yi idan aka kawo yaron da aka ci zarafinsa

Babban kuskure shi ne jiran tabbas. An kawo jariri ɗan wata biyu da karaya a cinya, an ce wai daga gado ya mirgino, alhali ko juyi bai fara ba. Ko yarinya da shatin bulala a bayanta, sabo a kan tsoho. Sai nas ta ɗaure ciwon ta yi shiru, tana ganin ba ta da hujja. Bincike aikin hukuma ne. Naki shi ne ki lura labarin bai dace da raunin ba, ki sanar da likita da jami'in walwalar jama'a a ranar.

Wani kuskuren mai ciwo: a kawo yarinyar da aka yi wa fyaɗe, a ce sai an je an karɓo takardar 'yan sanda. Maganin kariya daga cutar HIV dole a fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma kwana 5 ne iyakarsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ƙin ba da kulawar gaggawa. A fara da magani, rahoto ya biyo baya. Akwai cibiyoyi na musamman masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna.

Sai tambaya. Kada ka tambayi yaro a gaban wanda ya kawo shi, domin wataƙila shi ne mai laifin. Kada ka sa masa magana a baki. Ka ce "faɗa mini abin da ya faru", ka rubuta kalmominsa yadda ya furta su, da wurin kowane rauni da girmansa da kwanan wata. Katin asibitin da ka rubuta waɗannan a kai ne zai yi magana a kotu.

Abin da ya fi wuya shi ne lokacin da dangi suka zo suna "Malama, ki rufa mana asiri, za mu sasanta a gida". Tausayinsu gaskiya ne, amma gidan nan yaron zai koma. Sirrin mara lafiya ana kiyaye shi daga masu tsegumi, ba daga hukumar da za ta kare shi ba.

Kuma a daina mantawa da maza. Binciken ƙasa na 2014 ya nuna yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 a Najeriya sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18.