Kurakuran da ake yi wajen jinyar ɗan zakara a gida, da yadda za a gyara su

Da wuya ka shiga gida a Zariya, daga cikin birni har Tudun Wada da Samaru, ka rasa 'yan kaji suna tono a tsakar gida. A cikinsu ɗan zakaran da ya fara koyon cara shi ya fi shiga tsaka mai wuya: uwa ta daɗe da yaye shi, babban zakara ba ya ƙaunar ganinsa kusa da tsaki, kuma 'yar kariyar da ya fito da ita daga ƙwai ta ƙare tun yana ɗan makonni. In ya kwanta ciwo, masu gida sukan fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe, wato magani, su tsallake keɓewa da ɗumi da ruwa.

Kuskuren farko shi ne jinkiri. Kaza tana ɓoye ciwo, don 'yan uwanta suna sarar duk wadda ta nuna rauni. Saboda haka ranar da kuka ga ɗan zakara ya takure a gindin bango, ya saki fukafukai, ido a lumshe, to ciwon ya riga ya kwana biyu a jikinsa. A nan ne ake cewa "a bari mu gani zuwa gobe", wani ma ya ƙara da cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma ba wanda ke barin ƙofar akurki a buɗe don wannan karin magana. Da safe in an buɗe akurki, a lura da wanda ya fito a ƙarshe ko ya ƙi fitowa. A ɗauke shi a shafa ƙirjinsa: in ƙashi ya yi tsini babu tsoka, ya daɗe ba ya ci. A taɓa jakar abincin da ke gindin wuyansa kafin a watsa tsaki. Ya kamata ta wayi gari ba komai, in kuwa tana nan cike ko tana wari, abinci ba ya wucewa. Sannan a dubi kashinsa, don shi ya fi komai ba da labari.

Sai barinsa cikin sauran, suna sha a kasko ɗaya. A ware shi nan take, ko a kwando ko a kwali mai huji, nesa da akurki, da mazubin ruwansa daban. A fara sallamar masu lafiya, shi a zo masa a ƙarshe, a wanke hannu da sabulu. Kada a bar yara su mai da shi abin wasa. Zafin jikin kaza yana kai maki 41 a ma'aunin Selshiyos, kuma mara lafiya ba ya iya riƙe wannan ɗumi, balle a sanyin Disamba da Janairu. Wasu sukan ajiye masa kaskon garwashi su rufe ɗaki ruf, hayaƙi ya ƙarasa shi. Gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma ta wadatar. A zafin Maris da Afrilu kuwa inuwa da iska yake bukata.

Ɗura ta kashe kaji da yawa, aka ɗora wa ciwo laifi. Ana ɗaga kan zakara sama, a buɗe baki, a tsiyaya ruwa da cokali. Ƙofar numfashin kaza tana nan a gindin harshe, a buɗe. Ruwan da aka zuba da gaggawa can yake zarcewa, cikin huhu. Sai a ga tsuntsu ya shiƙe a hannu, a ce ai dama kwanansa ya ƙare. A tsoma bakinsa kawai cikin ruwa a bar shi ya ɗaga kai da kansa. In ya kasa, a ɗiga masa ɗigo ɗaya a gefen baki, a jira ya haɗiye kafin na biyu. Aikin haƙuri ne, kuma ruwan ya fi abinci muhimmanci a ranar farko. Ana iya sa ɗan sukari ko gulukos a ciki, amma ban da gishiri, don kaza ba ta jure shi da yawa.

Yanzu ga babban kuskuren: magani bisa kintace. A aiki yaro kemis, "ka ce a ba ka maganin kaji", ya dawo da kafso ja da rawaya, a fasa a gwangwanin ruwa, gobe a ƙara wani iri, jibi a jefa farasitamol. Cututtukan da ke kama ɗan zakara ba iri ɗaya ba ne, kuma da yawansu wannan kafso ba ya taɓa su.

Annobar da likitoci ke kira Niyukasul, wadda ke share gidaje da hunturu, takan zo da koren kashi, kakari, hamma, daga baya wuya ya murɗe. Ƙwayar bairos ce, ba ta da magani; abin da ake iyawa shi ne jinya da kare sauran. Cutar da ake kira Gwambaro ma bairos ce, ta fi kama 'yan mako 3 zuwa 6, da farin kashi mai ruwa da ke manne a gashin baya. Kashin jini kuwa, wanda ya fi yawa da damina inda ƙasan akurki ke jiƙe, yana da maganinsa na musamman, irin su amfuroliyom, kuma in aka kama shi da wuri ana samun sa'a sosai. Sai dai a nan ma akwai tuntuɓe: amfuroliyom yana aiki ne ta hana ƙwayar cutar samun bitamin B1, don haka wanda ya haɗa shi da garin bitamin a ruwa ɗaya ya rage masa ƙarfi da hannunsa. A gama kwanakin magani tukuna, sannan bitamin. Ƙurajen da ke fitowa a zanko da gefen ido, waɗanda sauro ke yaɗawa, kada a ɓamɓare su. A shafa aidin a hankali, a kiyaye ido, za su bushe su faɗi. Matashin zakaran da ƙafarsa ta shanye, ɗaya gaba ɗaya baya, mai yiwuwa cutar Marek ce, ba karaya ba, kuma ɗori ba zai yi komai ba.

Mu a nan ba mu da uzurin kintace. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, kuma ana duba kaji. A kai tsuntsun, ko sabon kashinsa a leda, ko gawar wanda bai daɗe da mutuwa ba, don buɗe ta yakan nuna abin da ke shirin cin sauran. In aka rubuta magani, a bi awo da kwanaki har ƙarshe, ko da ya miƙe a rana ta biyu.

Barkono da tafarnuwa da ɓawon maɗaci da iyayenmu ke jiƙawa, ba na raina su, amma ba sa warkar da Niyukasul, kuma ruwan da ya yi ɗaci ƙwarai yakan sa mara lafiya ya ƙaurace wa sha gaba ɗaya. Duk mai son jiƙo, ya ajiye tsabtataccen ruwa a gefe. Abin da ba ni da sassauci a kansa shi ne kananzir da baƙin mai da fiya-fiya da ake shafa wa kaza don ƙwarƙwata ko ƙuma. Suna ƙona fata, suna shiga jiki. Akwai hodar da aka yi don kaji a shagon maganin dabbobi. A kuma share akurki a ƙone shara, a tanadar musu busasshiyar ƙasa da toka su yi birgima.

Abinci ma ana kuskure. Wanda ke da kajin ƙwai yakan ɗiba daga buhunsu ya ba ɗan zakara, yana ganin gata ya yi masa. Abincin masu ƙwai an cika shi da sinadarin kalsiyam don ɓawo, kusan ninki uku ko huɗu na abin da mai tasowa ke bukata, kuma in aka daɗe a kai yana wahalar da ƙodarsa. A ba shi na masu tasowa, a jiƙa shi ya yi laushi, a murmusa dafaffen ƙwai a kai. Busasshiyar dusa kaɗai ba ta tayar da mara lafiya.

Rigakafi kuma sai ciwo ya shigo ake tuna shi. Ba a yi wa mara lafiya rigakafi, ba warkarwa yake yi ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke garin Vom a jihar Filato tana yin rigakafin Niyukasul, har da irin da ake kira I-2, wanda ya fi jure zafi kuma ake ɗigawa a ido. A yi wa masu lafiya kafin hunturu ya kankama, a maimaita duk wata 3 zuwa 4. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, sai maƙwabta su haɗa kuɗi a yi rana ɗaya. Zakaran da aka sayo a kasuwa, ko aka kawo tsaraba daga ƙauye, ya yi aƙalla mako 2 a keɓe kafin ya haɗu da na gida.

In jinya ta ƙi, sai a ji "a yanka kafin ya zama mushe", ko a ruga da shi Sabon Gari a sayar. Wanda ya sha magani jiya, maganin na nan a namansa. Kowane magani yana da kwanakin jira kafin a ci naman, a rubuce a jikin fakiti. Wanda aka kai kasuwa kuwa ya kai cutar gidan wani. In kaji suna faɗuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, zanko ya yi baƙi-baƙi, fuska ta kumbura, kada a yanka, kada a fige, a sanar da likitan dabbobi. Murar tsuntsaye tana kama mutum, kuma a Jaji, nan kan hanyar Kaduna, aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a kajin Afirka a watan Fabrairun 2006. Gawa a haƙa rami mai zurfi a binne ko a ƙone, ba a jefa ta bola ko kwata ba.

Wanda ya tashi kuma kada a yi gaggawar mai da shi, don yana iya ci gaba da yaɗa cuta bayan ya ji sauƙi. Ya ƙara mako 2 ko fiye a keɓe, sannan a ajiye kwandonsa inda sauran za su riƙa ganinsa na 'yan kwanaki. A sa shi akurki da dare, a kuma watsa tsaki wuri biyu da safe, don babban zakara ba zai iya tsare duka biyun ba.