Tada Peugeot 504 da ta daɗe a ajiye

Kada ka yi saurin murza makulli. Motar da ta shekara a garaji a Yamai, ƙurar hunturu ta shige mata ko'ina.

1. Zubar da tsohon esansi, ka wanke tanki, in ba haka ba karbirata za ta toshe.
2. Canza man inji da filta, kusan lita 4.
3. Kwance buji huɗun, ka ɗiga mai cikin kowace silinda, ya kwana. Washegari juya injin da hannu. In ya ƙi, kira makaniki, juya shi da ƙarfi yana karya ringin fistan.
4. Cika radiyata, ka duba tiyo; zafin Afrilu ba ya raga wa tsagagge.
5. Sa batir, tada ta.

Birki kuwa, gwada shi cikin gida kafin ka hau titi.