Darasi na Bakwai: Sammako da Lokacin Kwanciya

Hausawa na cewa wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi. Yawancinmu ba ma makara da asuba. Ladan zai tashe mu, ko carar zakara, ko hidimar yaran da za su tafi makaranta. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da muke kwanciya.

Mu yi lissafi tare. Likitoci sun ce baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowane dare. A ce kana tashi ƙarfe 5:00 na asuba. Idan ka ƙirga awa 7 baya, za ka tsaya a kan ƙarfe 10:00 na dare. Wanda ya zauna a teburin mai shayi ko gidan kallon ƙwallo har ƙarfe 1:00, awa 4 kawai ya samu. Jikinsa na bin sa bashin awa 3. A mako guda bashin ya zama awa 21, saura kaɗan ya cika kwana ɗaya cur.

Na taɓa zama a shagon wani tela ana saura kwana uku Sallah. Ya kwana biyu yana raba dare a kan keke. Ina kallo idonsa ya yi ja, yana ta hamma, ya ɗora almakashi a kan shaddar mutane ya yanke hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Bai lura ba sai da yaronsa ya ce, "Maigida, duba nan." Kuɗin da ya biya na sabon yadi ya cinye ribar daren duka. Abin ya ba ni tausayi, domin mutum ne gwani, barci ne kawai ya karɓi haƙƙinsa. Tasa asarar yadi ce. Direban da gyangyaɗi ya sace a kan hanyar Kano zuwa Kaduna, rayuka ne a hannunsa.

Akwai kuma illar da ba a gani nan take. Wanda ya daɗe yana tauye barcinsa ya fi shiga haɗarin hawan jini da ciwon suga da ƙiba. Ga saurin fushi, ga mantuwa. Ku da kuke koyon karatu yanzu, ku sani cewa a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Baƙin da kuka rubuta yau sai kun yi barci sosai zai zauna.

Sammako kuwa albarkarsa sananniya ce. Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhru al-Gamidi, ɗan kasuwa ne mai tura hajarsa da sassafe. Manomi ya san kunyar da zai yi kafin rana ta take ta fi ta bayan azahar yawa, mai ƙosai ma ta san lokacin cinikinta.

Abubuwa biyu ke yawan korar barci a wurinmu. Goro da shayi da kofi suna ɗauke da sinadarin da ke daɗewa a jiki awoyi da dama, don haka a bar su tun daga la'asar. Sai waya: haskenta da hirarta suna sa mutum ya ce "bari in duba ɗaya", sai ga sha biyun dare. A ajiye ta nesa da shimfiɗa, a ɗaura gidan sauro.

Maigadi da ma'aikaciyar jinya da mai gasa burodi, dare ne lokacin neman abincinsu, ba laifinsu ba ne. Su nemi ɗaki mai duhu su rama da rana, iyali kuma su taimaka a rage hayaniya. Sauranmu, ƙailula ta minti 20 zuwa 30 ta wadatar.

Aikin gida: a littafinku, ku rubuta lokacin da kuka kwanta da lokacin da kuka tashi har kwana 7. Ku ƙirga awoyin kowane dare, ku zo da shi aji mako mai zuwa.