Tsohon fili ko sabo? Yadda za ka auna filayen golf biyu na St Andrews kafin ka biya kuɗi

Toh jama'a wannan tambayar ta daɗe tana zuwa min daga abokan wasa, musamman masu zuwa Birtaniya ganin yara a makaranta su ce bari su ɗan leƙa Sikotilan su buga ko da sau ɗaya ne, wai tsakanin Old Course (tsohon fili) da New Course (sabon fili) na garin St Andrews wanne ya fi. Ni dai amsata kullum ita ce ka fara gaya min inda ƙwallonka take karkata idan bugu ya ɓaci, dama ko hagu, sannan mu yi magana, domin filayen nan biyu a manne suke da juna, hukuma ɗaya ke kula da su wato St Andrews Links Trust, iska ɗaya ke kaɗa su daga teku, amma wallahi abin da ɗaya zai yafe maka ɗayan ba zai yafe ba.

Kar sunan ya ruɗe ka. Wanda ake ce wa sabo ɗin tun 1895 aka buɗe shi, Old Tom Morris, shahararren ɗan golf ɗan garin, ne ya tsara shi saboda cunkoso ya yi wa tsohon yawa. Shi kuwa tsohon ɗaruruwan shekaru ake wasa a kansa, a 1764 ne aka rage ramukansa daga 22 zuwa 18, abin da duniya ta zo ta bi kenan har gobe.

Fara da katin maki, ka ɗauko na kowanne ka ajiye gefe da gefe. Tsohon fili par 72 ne, wato yawan bugun da ake sa ran gwani zai yi ya gama zagaye, sabon 71, tsawon sabon yadi 6,625 daga ti na baya, ti shi ne inda ake fara bugun kowane rami. Anan mutane suke yin kuskure, sai su ga an ce tsohon ya haura yadi 7,300 a gasar Open, babbar gasar golf ta Birtaniya, ta 2022 su ce kai ashe ya fi tsawo nesa ba kusa ba, alhali baƙo irina da kai ba daga can za a bari ya buga ba, gaba za a matso da kai, to idan ka auna daga inda za ka tsaya da gaske tazarar ba wata mai yawa bace. Sai ka duba yadda aka raba ramukan. Tsohon yana da par 3 guda biyu kacal, rami na 8 da na 11, par 5 ma biyu, na 5 da na 14, sauran goma sha huɗun duk par 4 ne, wato sandar dogon bugu za ta sha aiki ranar nan. Idan kai irin mutumin nan ne da gajerun ramuka suke ceto katinsa, ka san da wannan tun daga gida.

A jikin katin akwai lambobi biyu da yawancinmu ba ma kallo, kimar fili, wato bugun da masu awo suke ganin gwani zai yi a filin, da kuma silof. Silof yana tafiya ne daga 55 zuwa 155, 113 shi ne matsakaici, kuma abin da yake gaya maka shi ne yadda filin ke wahalar da ɗan wasa na tsaka-tsaki idan aka kwatanta da gwani. Lissafin ba wuya, ka ɗauki handikaf ɗinka, wato lambar da ke nuna matsayin iyawarka, ka ninka da silof ka raba da 113, sai ka ƙara bambancin da ke tsakanin kimar filin da par. Ka yi wa kowane fili nasa, daga ti ɗin da za ka buga. Wanda ya ba ka bugun rangwame mafi yawa, shi ne masu awo suke ganin zai fi ba ka wuya.

Amma fa lamba ba ta san halin hannunka ba, kuma nan ne ainihin maganar take. Tsohon fili fita ake yi a miƙe a juyo a dawo, masu fita da masu dawowa suna raba fili ɗaya a tsakiya, saboda haka kusan ko'ina hagu akwai sarari, masifar tana dama, ƙaya a wajen fita, iyakar fili a wajen dawowa. Rami na 1 da na 18 faɗinsu a haɗe ya haura yadi 100, sai ka yi da gaske kafin ka ɓatar da ƙwallo a nan. Don haka idan bugunka na ja hagu tsohon fili zai yi ta rufa maka asiri, sai dai daga hagun shiga girin, wato lallausar ciyawar da ramin yake ciki, ya fi wuya, ba kyauta ya ba ka ba. Idan kuwa ƙwallonka mai yankewa dama ce, toh ka tanadi haƙuri da ƙarin ƙwallaye a jaka. Sabon fili ba ruwansa da wannan rangwamen, hanyarsa ta fi matsi, ƙayar nan mai furen ɗorawa tana jira a wurare da dama ta ɓangarori biyu, in ƙwallo ta shiga ciki kar ma ka sa hannu, ka manta da ita kawai. Shi ya sa za ka ji 'yan garin da yawa suna cewa sabon ya fi gwada mutum, kuma ni na yarda da su, sai dai shi abin da zai cuce ka kana ganinsa daga ti, babu ɓoye-ɓoye.

Tsohon kuwa ɓoyon ne sana'arsa. Ramukan yashi 112 gare shi, da yawansu ba ka ganinsu sai ka zo kansu, ka yi bugu mai kyau tsakiyar hanya kana murna ka iso ka tarar da ƙwallo a cikin wani ɗan rami mai bango a tsaye kamar rijiya, dole ka fito ta gefe ko ma ta baya. Wani ɓangare na dalilin shi ne a da ana zagaya filin ta ɗaya hannun ne, to wasu ramukan masu tahowa daga can suke fuskanta. Akwai wanda ake kira Hell a rami na 14, sunan ma ya ishe ka bayani. Tiger Woods da ya ci Open a 2000 kwana huɗu bai faɗa ko ɗaya ba, ka ga da lissafi ya ci ba da ƙarfi kaɗai ba. Shawarata anan ba ta da biyu, a tsohon fili ka ɗauki kadi, wato mai ɗaukar maka jaka yana nuna maka hanya, kuɗinsa ba asara bane, in ya ce ka saita waccan hasumiyar cocin ka saita ko da idonka na gaya maka wani abu daban. A sabon za ka iya tafiya da ɗan littafin awon fili kawai ka tsira.

Sai girin. Tsohon yana da manya guda bakwai da ramuka biyu-biyu ke rabawa, lambobinsu in ka haɗa 18 suke bayarwa, 2 da 16, 3 da 15, haka har 8 da 10, huɗu ne kawai ke zaman kansu, 1 da 9 da 17 da 18. Na 5 da 13 kusan yadi 100 ne daga gaba zuwa baya, za ka iya hawa girin kana jin daɗi amma gangarawar da ke gabanka, wato bugun tura ƙwallo cikin rami, ta yadi 30 ce, ga tudu ga kwari. Ka lura da tuta, fara ta masu fita ce ja ta masu dawowa, ban da rami na 18, kar ka je ka saita ta wasu. Na sabon ƙanana ne a kan waɗannan, wato a sabon gwajin na hawa ne, a tsohon kuma gwajin na bayan ka hau ne. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, sau nawa kake gangarawa uku a rami ɗaya cikin zagaye?

Abu ɗaya da zai taimaki ɗan Arewa a duka biyun, mu da muka saba wasa da rani lokacin hunturu ƙasa ta bushe ƙwallo na gudu kamar ba za ta tsaya ba, wannan bugun na ƙasa-ƙasa da muke yi a bar ta ta gangara da kanta shi ake so a can, ƙasar rairayi ce mai tauri kuma iska ba ta ƙyale ƙwallon da ta tashi sama.

Maganar samun shiga ma awo ce. Tsohon ba a wasa a kansa ran Lahadi, mutanen gari ne ke yawo da iyalansu, yana buƙatar shaidar handikaf da bai wuce 36 ba, kuma in ba ka yi rajista tun watanni ba sai dai ƙuri'a, ana shiga kwana biyu kafin ranar wasa, mutum biyu zuwa huɗu, wanda yake shi kaɗai nasa tsarin daban ne. Kuɗinsa lokacin bazara ya ninka na sabon. Sabon kuwa samunsa ya fi sauƙi sosai, har Lahadin.

In kwana uku gare ka ga yadda zan yi, ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Leuchars, kamar awa ɗaya daga Edinbura, ka shiga ƙuri'a tun kafin ka taso, ka buga sabon a rana ta farko domin hannunka ya saba da iska da gudun ƙasa, in Lahadi ta faɗo ciki ka taka tsohon da ƙafa kana duba ramukan yashin nan ɗaya bayan ɗaya, ka tsaya a rami na 17 ka ga yadda titi ya manne wa girin ta baya. Kuma kar ka yanke wa tsohon hukunci a wasan farko, Bobby Jones ma, shahararren ɗan golf na Amurka, a 1921 ɗauke ƙwallonsa ya yi a rami na 11 cikin fushi, ya dawo 1927 ya ci Open a wurin. Bayan kowane zagaye ka rubuta abu uku a bayan kati, ƙwallo nawa ta ɓata, sau nawa ka shiga yashi, gangarawa nawa ka yi, da kuma ta ina iska ta kaɗa ranar, don in ba ka rubuta iskar ba katin biyun ba za su kwatantu ba.