Kafin ka yi gini a tsohon gareji ko juji

Ƙasar irin wannan fili tana iya ɗauke da guba. Na farko dai binciko tarihin filin. Tambayi mai unguwa da tsofaffin maƙwabta me aka taɓa yi a wajen, gareji ne, gidan mai, majema ko juji. Sannan buɗe Google Earth (manhajar da ke nuna hotunan ƙasa daga sama) a kwamfuta ka koma hotunan shekarun baya, za ka ga abin da dillali bai gaya maka ba.

Na biyu, je da kanka ka tona wuri uku ko huɗu, duba baƙin mai, wari, da inda ciyawa ta ƙi fitowa. Amma fa don Allah kar ka tsaya nan, dalma ba ta wari, ita ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ƙauyuka irin su Dareta da Bagega sai da aka kankare ƙasar sama aka zuba sabuwa.

Na uku, kai ƙasar da ruwan rijiyar wajen a gwada a lab, kowanne rami da ledarsa.

In sakamako ya nuna guba, kar ka haƙa rijiya ko ka shuka alayyahu, nemo injiniyan muhalli tukunna.